Damargu Ma Tana da Abin Gani

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Falanko har Tanut da Belbeji: wai yawon buɗe ido sai a ƙasar waje. Duk wanda Allah ya hore wa, in yana son ya huta, ya ga duniya, ya ci daɗi, ya sayo tsaraba, to ya nemi biza ya hau jirgi. Da can Dubai ake ambata. Yanzu da wayoyi suka cika hannun samari, tsibiran gabashin Asiya ma sun shigo hira: Hainan ta ƙasar Sin, Okinawa ta Japan, Jeju ta Koriya ta Kudu. A majalisa za ka ga ana miƙa wa juna waya, ana kallon shuɗin ruwan teku da kasuwar dare mai fitilu da abinci jere a ƴan kwanoni. Can sai wani ya ja numfashi ya ce, "Mu nan me gare mu? Rairayi ne da ƙaya da rana."

Masu faɗin haka ba ƙin ƙasarsu suke yi ba. Da yawansu sun fi ni sanin wahalar Damargu. Sun san shekarar da damina ta tsaya gero yana bunni, sun san tafiyar ci-rani zuwa Agadas da Libiya da Kano, sun san kwana a bakin rijiya ana jiran layi. Wanda ya sha wannan, in ya ce bai ga abin sha'awa a nan ba, ba a yi masa tsawa. Duk da haka ina ganin maganar kuskure ce, kuma kuskuren yana ci mana kuɗi, yana ci mana mutunci. Hujjata kuwa daga ɗaya cikin tsibiran da ake sha'awar zan ɗauko ta.

Jeju tsibiri ne a kudancin Koriya, dutse mai aman wuta ne ya haife shi. A tsakiyarsa akwai dutsen Halla mai tsawon mita 1,947, wanda babu kamarsa a duk Koriya ta Kudu. Mutanen tsibirin ba su kai miliyan 1 ba, amma a shekarar 2016 baƙi fiye da miliyan 15 suka sauka a can, kuma hanyar jirgin sama tsakanin Jeju da babban birnin ƙasar, Seul, ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen yawan fasinja. Wannan shi ne abin da waya ke nunawa. Abin da ba ta nunawa shi ne yadda wurin yake a da.

Shekaru ɗaruruwa Jeju ta yi tana matsayin ƙarshen duniya a idon Koriyawa. Can sarakuna ke jefa wanda suka yi fushi da shi. Har wani sarki da aka tuɓe, Gwanghae, can aka kai shi, can ya mutu a 1641. Talauci ya yi wa mutanen wurin katutu har suka riƙa gudu zuwa babban yankin ƙasar, sai hukuma ta kafa doka a 1629 ta hana su fita daga tsibirin, dokar da ta yi kusan shekara 200 tana aiki. Ƙasarsu baƙin dutse ce mai ramuka, ruwan sama na sauka ya zurare ƙasa nan take, saboda haka shinkafa, wadda ita ce abincin alfarma a Koriya, ba ta yi musu sai ɗan kaɗan. Sha'ir suke ci da wani ɗan uwan geronmu mai ƙananan ƙwaya. Iska ba ta barin shuka ta tsaya, dole suka riƙa tsince duwatsun gona suna jera su katanga-katanga ba tare da laka ba. Mata kuwa su ke nutso cikin teku mai sanyi, har zurfin mita 10, ba tulun iska, numfashinsu kawai suke riƙewa, su ɗebo katantanwar ruwa da ciyawar teku don a ci a sayar. Aikin wahala ne, kuma an daɗe ana raina masu yin sa.

To, waɗannan abubuwa na talauci su ne yau ake biyan kuɗin jirgi a je gani. Katangun gonakin nan, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya su cikin gadon noma na duniya a 2014. Matan masu nutso, waɗanda ake kira haniyo, UNESCO ta sanya al'adarsu cikin gadon ɗan Adam a 2016, a taron Adis Ababa, taron da aka karɓi bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa. Wani ɗan curin abinci da asalinsa na garin geronsu ne, wanda suke kira omegi, yanzu a kwali mai kyau ake shirya shi, baƙi suna saye a kasuwar Dongmun su kai gida tsaraba. A 2007 wata ƴar jarida haifaffiyar tsibirin, Suh Myung-sook, ta koma gida ta fara bin tsofaffin turakun ƙauye tana haɗa su, tana sa alama da ƙyalle. Hanyar ƙafa ce kawai, tana ratsa gonaki da bakin teku da ƙofar gidajen manoma. Yau ta wuce kilomita 400, mutane suna zuwa musamman don su taka ta.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina. Mafi yawan baƙin Jeju Koriyawa ne. Kafin 1989 ba kowane ɗan Koriya ke samun izinin fita waje yawon shaƙatawa ba, sai ya zama sabon ango da amaryarsa Jeju suke zuwa cin amarci, ƴan makaranta ma can ake kai su. Su suka gina wurin. A 2017, da gwamnatin Sin ta yi fushi da Koriya kan girke wasu na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami na Amurka, ta hana kamfanoninta kai ayarin masu yawo, baƙin Sin suka janye ƙwarai. Tsibirin ya ji a jikinsa, amma bai durƙushe ba, domin ƴan gida ba su daina zuwa ba.

Yanzu mu dawo gida mu duba da idon basira. Wanda ya ce babu abin gani a Damargu, wataƙila ba a taɓa ba shi labarin ƙasar da yake takawa ba. Damargu ita ce rumbun Abzin. Geron da ya riƙe mutanen Agadas da duwatsun Abzin, geron da ayarin Abzinawan Kel Owi ke ɗauka su ratsa Tenere su kai Bilma da Fashi su musanya da gishiri da dabino, galibinsa daga gonakin nan yake fitowa. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat zai nufi Damagaram da Kano, nan yake fara ganin karan gero bayan watanni cikin hamada. A da Jajiduna zango ce ta fatake, Larabawan Gadamas sun zauna cikinta. A ƙauyukan Damargu an yi kiwon jimina, ana fige gashinta ana kai wa Tarabulus, daga can ya ƙetare teku ya hau hulunan matan Turai. Cinikin bai mutu ba sai da hanyar teku ta yi arha, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911.

A watan Janairun 1851 wasu Turawa 3 suka biyo ayarin gishiri suka sauka a Damargu: Heinrich Barth, James Richardson da Adolf Overweg. A wani gari mai suna Tagelel suka rabu. Richardson ya yi Damagaram, bai ƙara ganin abokansa ba, ya rasu a hanyar Kukawa bayan wata 2. Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano, ya rubuta littafin da har gobe masu tarihin ƙasar Hausa ke komawa gare shi. Kawsan kuma, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, ɗan Damargu ne, daga ƙabilar Ikazkazan. Ɗalibai a jami'o'in Jamus da Amurka suna karanta waɗannan sunaye. Wani Ba'amurke, Stephen Baier, ya wallafa littafi a 1980 kan tarihin tattalin arzikin wannan yanki, Damargu na tsakiyarsa. Abin da ke damuna shi ne yaron da aka haifa a Falanko ko Gangara ko Olelewa zai iya gama lakwal bai taɓa jin cewa garinsu yana kan ɗaya daga manyan hanyoyin cinikin Afirka ba. Mutum ba ya nuna wa baƙo abin da shi kansa ba a nuna masa ba.

Ba tarihi kaɗai ba. A je bakin rijiya a arewacin Damargu da rani, da hantsi. Rijiyar tana da zurfin da hannu ba ya iya jan guga. An kafa itace mai baki biyu, an sa ɗan gungume mai juyawa, igiya ta bi ta kansa. Yaro yana kan raƙumi ko jaki ko takarkari, an ɗaura masa bakin igiyar, ya kama tafiya yana nisa, yana nisa, har ka ce gari zai bari. Sai mai tsaye a bakin rijiya ya ƙwala kira, yaron ya ja ya tsaya, wasaki ya fito yana tsiyaya, maza biyu su tallabe shi su juye a komi. Shanu masu dogon ƙaho suna tsaye garke-garke, kowane garke ya san lokacinsa, ba ya kutsawa sai an kira shi. Bafillace da Buzu da Bahaushe da Badagire suna wuri guda, ana ciniki, ana tsokanar juna irin ta taubasai. Mutumin Yamai ko na Kaduna da ya saba buɗe famfo, in ya tsaya ya ga wannan awa guda, ba zai manta ba har ya mutu. Ban ce wahalar ruwa abin ado ce ba; fatana kullum a samu fanfunan da za su hutar da yaran nan. Amma ilimin da ke cikin aikin, da tsarin da ya hana rikici a kan komi guda, abin a tsaya a kalla ne da girmamawa, kamar yadda ake tsayawa a kalli matan Jeju.

Batun abinci ya fi ba ni takaici, don a nan ne rainin kanmu ya fi fitowa fili. In babban baƙo ya sauka a gidajenmu, sai a ruga kanti a sayo taliya da lemun kwalba, a ɓoye fura kamar abin kunya. Alhali furar geron Damargu, wadda aka daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, aka dama da nonon da aka tatso jiya, aka kawo a ƙwarya da ludayi an rufe da faifai, babu otal ɗin da zai ba ka irinta. Ga kuma damun Abzinawa, da ake kirɓa gero da dabino da cuku wuri guda, wanda mutum zai sha da safe ya wuni a kan raƙumi.

Cukun kansa abin kallo ne tun daga yinsa. Mace za ta zauna da ƙwaryar madara mai ɗumi, ta ɗiga ɗan ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono, ta jira madarar ta kama. Sai ta ɗebo ta zuba a kan ɗan asabari, ta baje da tafin hannu, ta danne ruwan ya tsane, ta naɗe gefe-gefe ya zama falle mai kusurwa huɗu. A shanya a rana. In ya bushe za ka ga sawun karan asabarin a jikinsa layi-layi. Ba firji, ba gwangwani, amma yana wata da watanni bai lalace ba. A ɓalla shi a ci da shayi mai kumfa, ko a daka a fura. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun riga sun samu rajistar sunan asali a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, wato an yarda cewa sunan wurin da suka fito dukiya ne. Ina ganin geron Damargu da cukunta ba su gaza su ba. Mai tafiya Jeju kuwa, in Musulmi ne, sai ya yi ta tambaya kafin ya kai loma, don naman da tsibirin ya fi alfahari da shi na alade ne.

Sayayya ma haka. Kayan da ke cike da manyan kantunan ƙasashen waje, irinsu ne ƴan kasuwarmu ke sarowa a kwantena, suna nan jibge a kasuwar Dole ta Damagaram da Kantin Kwari ta Kano. Abin da ba a samu a can shi ne aikin dukawan Damagaram, jaka da alabe da takalmi da matashin fata mai zane, da sirdin raƙumi, da azurfar maƙeran Abzin, da alkakin da matan unguwar Birni ta Damagaram ke yi. Wanda ya sayi waɗannan, kuɗinsa a hannun mai sana'a yake sauka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce: Malam, ina tsaro? Ina hanya? Ina masauki? Gaskiya ne. Akwai lokacin da jirage ke sauke Turawa kai tsaye a Agadas, direbobi da masu dafa abinci da maƙera suna ci daga jikinsu. Tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a Satumbar 2010 suka kashe wannan kasuwa, har tsohon garin Agadas ya shiga jerin gadon duniya a 2013 ba tare da baƙin da za su zo ganinsa ba. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya shiga dajin da hukuma ta ce kada a shiga ba. Amma a lura da darasin da ke ciki. Kasuwar Agadas ta faɗi warwas ne domin a kan baƙon nesa kaɗai aka gina ta. Ranar da ofisoshin jakadanci suka shafa wa taswira jan launi, shi ke nan. Jeju ta tsaya domin a kan ƴan gida take. Masu cewa yawon buɗe ido sai Bature, ko sai a ƙasar Bature, wannan raunin suke ƙara mana ba su sani ba.

Kuma ai muna yin yawon, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta takobi a Tawa, duk jihar da kokowa ta sauka sai ta cika maƙil, gidajen haya su ƙare, masu tuwo da masu tsire su yi cinikin shekara. Da salla mutanen ƙauyuka suna ɗunguma zuwa Damagaram kallon hawan sarki da hawan ƙaho. Ana zuwa Ingal bikin gishirin dabbobi a ƙarshen damina, ana zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, ana leƙa rijiyar Kusugu a Daura. Bahaushe ya daɗe da cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma bai ce sai ta jirgi ba. Daga Tanut zuwa Damagaram bai kai kilomita 150 ba. Da ƴan jikkuna kaɗan mutum zai ga fadar sarki, da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, da gidajen Birni da Zango masu zane a goshi, a garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926. Yamma da Belbeji kuma ga gandun dajin Gadabeji, inda aka mayar da raƙuman dawa 8 a 2018 bayan sun daɗe da ɓacewa daga yankin.

Masu wucewa ma ba su yi mana kaɗan ba. Hanyar Damagaram zuwa Agadas wani yanki ce na babbar hanyar da ta taso daga Aljas ta nufi Legas. Matatar mai ta Soraz, wadda aka buɗe a Nuwambar 2011 da haɗin gwiwar kamfanin Sin, mai tace ganga 20,000 a rana, a ƙasar Olelewa take, maƙwabciyar Falanko. Direbobin tanka, ma'aikata, fasinjojin bas, ƴan kasuwar dabbobi daga Najeriya, kullum suna ratsa mu. Sau da yawa abin da suke tararwa a bakin hanya biskit ne da ruwan leda. Rumfa mai tsabta, da tabarma, da randar sanyi, da fura da cuku da gasasshen naman rago, da wurin alwala da makewayi mai kyau, ba ta buƙatar tallafin wata ƙungiya daga waje. Ƙungiyar mata guda a gari za ta iya.

Ba ina fatan Damargu ta zama Jeju ba ne. Mutanen can yanzu suna kuka da shara, da tsadar fili, da otal-otal masu zuƙe ruwan ƙasa. Yankin da ake jan ruwa da raƙumi ba zai ɗauki irin wannan ba, kuma bai kamata a kawo masa ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Malaman lakwal su riƙa fitar da yara sau ɗaya a shekara, na Falanko su je Tanut da Damagaram, na Damagaram su zo su ga rumbu da rijiya da kasuwar raƙuma. Magadan gari da masu unguwanni su sa ido kada a rushe tsohon abu don kawai ya tsufa. Mai hali da ya saba kai iyali waje ya ware hutu guda ya zaga da su ƙasarsu.

Abu guda ne ba zai jira ba. Dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu inda ayari ke yada zango, da rijiyar da madugu ke shayarwa, da gidan da aka yi kiwon jimina, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Gidajen rediyon karkara suna da na'urar ɗaukar murya, kowane malami yana da waya a aljihu. A zauna da su cikin ranin nan, bayan an gama ɗaurin gero, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunayen wuraren, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a jami'ar Damagaram.